Daga Bakin Titi Zuwa Cikin Waya: Yadda Allunan Talla Ke Farautar Masu Ɗaukar Hoto

A shekarar 2023, gab da fitowar fim ɗin Barbie, kamfanin Warner Bros. ya kafa wasu manyan allunan talla waɗanda babu hoton jaruma ko sunan fim a jikinsu. Launin ruwan hoda ne ya cika allon, sai kwanan wata kawai: 21 ga Yuli. Masu wucewa suka riƙa ɗaukar hoto suna ɗorawa a Instagram da Twitter, har allon ya kai ga mutanen da ba su taɓa bin titin ba.

A da, ana auna darajar allon talla da yawan motocin da ke wucewa ta gabansa. Yanzu kamfanoni na tsara shi ne domin kyamarar waya: rubutu kaɗan, launi mai ɗaukar ido, da abin da zai sa mutum ya ce sai abokansa sun gani. Kamfani ya biya kuɗin allo ɗaya, masu waya su yaɗa shi kyauta da datarsu.

Spotify da bayanan masu sauraro

A ƙarshen 2016, Spotify ya tattara bayanan yadda mutane ke sauraron waƙoƙi, ya mayar da su barkwanci a alluna a Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe. Ɗaya daga ciki ya tambayi wanda ya saurari waƙar "Sorry" sau 42 a ranar masoya ko wane laifi ya yi. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma kowa ya ga halinsa a ciki.

Manhajar ta iso Najeriya a Fabrairun 2021. Tun daga nan matasa suka shiga sahun masu ɗora sakamakonsu na Wrapped a ƙarshen kowace shekara, kowane hoto ɗauke da tambarin kamfanin. Abin lura shi ne, da bayanan mai sauraro aka haɗa tallar, kuma shi ne ke ɗaukar ta yana yawo da ita.

Tallar da ba ta taɓa zuwa titi ba

A Yulin 2023, wani bidiyon kamfanin kwalliya na Maybelline ya karaɗe TikTok da Instagram. An nuna jirgin ƙasan Landan ɗauke da ƙaton gashin ido, wani ƙaton burushi yana shafa masa kwalli yayin da yake shiga tasha. Da yawa sun ɗauka gaske ne, alhali da kwamfuta aka haɗa shi a kan bidiyon tasha ta gaske.

Inda ake buƙatar taka-tsantsan

Alluna da fastoci da yawa yanzu na ɗauke da lambar QR mai kai mutum shafin kamfani kai tsaye. 'Yan damfara ma sun gano wannan ƙofa. A Janairun 2022, hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ana sauya irin waɗannan lambobi domin kai mutane shafukan bogi da ke satar bayanan banki.

Don haka kafin mai waya ya buɗe, ya karanta adireshin da kyamara ta nuna masa, ya kuma duba ko an manna wata takarda a kan lambar ta asali. Duk shafin da ya nemi lambar sirrin katin ATM ko BVN da sunan garaɓasa, a rufe shi nan take.