Kirci da Yadda Ake Lallaɓa Shi

Kirci cuta ce ta fata wadda galibi akan gada, sau da yawa tare da asma, ba a kuwa ɗaukarta daga jikin wani, ko da yake jama'a sukan ƙyamaci mai ita bisa rashin sani. Mai sauƙinsa bushewa ce da ƙaiƙayi, amma idan ya tsananta, musamman lokacin hunturu, fata takan tsage ta riƙa tsattsafo ruwa, barci ya gagara, har ƙwayoyin cuta su sami ƙofa.

Asalin magani shi ne shafa man kaɗe ko baslin kullum bayan wanka, da ƙaurace wa sabulu mai zafi, da yanke farce saboda susa. Amma man sitiroyid, wanda yawansa kan sirantar da fata, wajibi ne likita ya ƙayyade shi.