Fitilar Da Ke Kunna Kanta In Mutum Ya Gifta

A Gwarzo da Kabo, da garuruwansu kamar su Getso da Garo, akwai wata irin fitila da ake kafawa a ƙofar zaure ko a wajen turken dabbobi. Da rana tana shan hasken rana, da dare ta dushe, amma da mutum ya gifta sai ta haske wurin sarai. Akan saro ta daga kasuwar Sabon Gari ta Kano, yawancinta kuwa ƙirar ƙasar Sin ce. Mai shanun huɗa yana da dalilin sonta, gama ƙasar Gwarzo tana kan iyaka da jihar Katsina, tsoron ɓarayin shanu kuwa ya isa ya hana mai turke barci.

Waɗansu suna cewa ido gare ta. Ba haka ba ne. Ibnul Haisam, mai Kitabul Manazir, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana cewa gani yana samuwa ne idan haske ya shiga ido. Ita wannan fitila ba da hasken da ido ke gani take aiki ba, da ɗumi take yi.

Asalin abin, a 1800 wani masanin taurari a Ingila, Wiliyam Hashel, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya rarrabu launi launi kamar bakan gizo. Ya auna zafin kowane launi, sa'an nan ya aje ma'auninsa gaba da ja, inda ido ba ya ganin kome. Ashe nan zafin ya fi yawa. Watau akwai wani haske ɓoyayye, wanda Turawa suka kira infirared, ma'anarsa "ƙasa da ja". Kowane jiki mai ɗumi yana fid da shi dare da rana, mutum ne ko akuya. Mesa ma tana jinsa, da waɗansu 'yan ramuka a leɓenta.

A cikin shekarun 1970 aka soma sa wannan hikima cikin na'urorin tsaron gida. A goshin fitilar akwai wani farin ƙoƙo na roba mai gida-gida, shi ke tattaro ɗumin ya kai shi kan waɗansu 'yan ƙwayoyi biyu. Muddin ɗumin da ke kansu daidai yake, shiru ne. Idan jiki ya gifta, sai ɗumin ya fāɗa wa ɗaya kafin ɗaya, wannan bambanci shi ke kunna wuta. Nisan da take ji bai cika wuce yadi 10 ba.

To, a nan illarta take, mai saye kuwa ya kamata ya sani tun bai dogara da ita ba. Bambanci take ji tsakanin ɗumin mutum da na wurin da yake. Da sanyin hunturu jinta kaifi gare shi. Amma da bazara, sa'ad da zafi kan kai digiri 40, bango da ƙasa su riƙe shi har dare, ɗumin mutum yakan kusa sajewa da nasu, sai jinta ya ragu ƙwarai. Har wa yau, wanda ya nufo ta kai tsaye, sannu a hankali, ya fi wuyar ji bisa ga wanda ya ratsa ta gabanta. Ba ta kuma ji ta bayan gilashi.

Ba ta san ɓarawo ba, ba ta san bunsuru ba. Wanda ya fuskantar da ita ga turke, dabbobinsa za su kwana suna kunna ta, baturi ya ƙare kafin tsakar dare, shi kuma ya saba da haskenta har ya daina tashi. Abin da ya fi, a kafa ta sama kamar ƙafa 7, ta ba dabbobi baya, ta dubi hanyar shigowa a gicciye. In ƙurar hunturu ta sauka, a riƙa share ƙoƙon da allon shan rana da tsumma mai laushi.