Yadda Ake Gano Dalilin Yankewar Waifai a Rautar Gida

Rauta ita ce na'urar da ke karɓar intanet daga kamfani ta rarraba shi ta iska ga wayoyi da kwamfutocin gida. A cikinta akwai manhajar da ke tafiyar da ita, kuma masu sha'awar fasaha kan cire wadda ta zo da ita su ɗora buɗaɗɗiyar manhaja irin OpenWrt ko DD-WRT. Abin ya samo asali ne daga rautar Linksys WRT54G da ta fito a ƙarshen 2002. An gina manhajarta a kan Linux, don haka lasisin GPL ya sa dole aka fitar da lambobinta ga jama'a a 2003, a 2004 kuma aka kafa OpenWrt. Buɗaɗɗiyar manhaja ba ta hana waifai yankewa. Amfaninta shi ne tana nuna wa mai rauta abin da ke faruwa a ciki.

Kafin a taɓa kowane saiti, sai a fara gano inda laifin yake. A haɗa kwamfuta da rauta ta kebul, a yi amfani da umarnin ping zuwa adireshin rautar, wanda a OpenWrt yake 192.168.1.1, sannan zuwa wani adireshi na waje kamar 8.8.8.8. In rauta tana amsawa amma waje shiru, matsalar ta kamfanin intanet ce ko ta layinsa. In rautar kanta ta ɓace na kusan minti ɗaya ta dawo, to mutuwa take yi tana tashi, kuma abin zargi na farko shi ne wuta: adaftar da ta tsufa, ko sauyi daga wutar NEPA zuwa janareta. Zafi ma yana sa hakan, musamman ga rautar da aka cusa bayan talabijin.

Idan kebul lafiya lau, waifai ne kaɗai ke yankewa, sai a dubi iska. Zangon 2.4 GHz yana kai wa nesa, amma cunkushe yake da rautocin maƙwabta da Bluetooth, har da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef. Tashoshi uku ne a cikinsa ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Gara a zaɓi ɗaya a tsayar da faɗinta a 20 MHz. Faɗin 40 MHz a wannan zango yakan jawo katsalandan fiye da saurin da yake ƙarawa. Zangon 5 GHz ya fi sauri da sarari, sai dai bangon kankare mai rodi yana kashe masa ƙarfi. Siginar da ta kai -50 dBm tana da kyau, daga -70 zuwa ƙasa kuwa an fara wahala. Ƙara ƙarfin watsawa ba ya cika magance wannan, domin ko waya ta ji rauta, ita rautar ba lallai ta ji raunanniyar amsar wayar ba. Matsar da rauta tsakiyar gida, a wuri mai tsayi, ya fi amfani.

Akwai wani tarko a 5 GHz da ke ruɗa mutane. Tashoshi daga 52 zuwa 140 ana raba su da na'urorin rada, ciki har da na hasashen yanayi. Ƙa'idar DFS ta wajabta wa rauta ta yi sauraro na aƙalla minti ɗaya kafin ta fara watsawa a kansu, ta kuma bar tashar nan take in ta ji rada. Mai gida sai kawai ya ga waifai ya ɓace. Tashoshi 36 zuwa 48 ba su da wannan sharaɗi. A kuma tabbatar an saka lambar ƙasa daidai, NG ga Nijeriya, NE ga Nijar, don da ita rauta ke sanin tashoshi da ƙarfin da doka ta yarda.

A nan ne kundin rahoton na'urar ke da rana. A LuCI, wato shafin sarrafa OpenWrt, ko ta umarnin logread, ana ganin lokacin da kowace waya ta fita da dalilin fitarta. In waya ɗaya ce kullum, sau da yawa tsohuwa ce da ba ta jituwa da tsaron WPA3, kuma komawa WPA2 kan warware matsalar. In rahoton ya nuna direban waifai, wato manhajar da ke sarrafa waifai ɗin, yana faɗuwa, to batun guntun lantarkin da ke cikin rautar ne. Na Atheros da MediaTek suna da buɗaɗɗun direbobi masu kyau, ath9k da mt76, amma na Broadcom da yawa ba sa aiki sosai a OpenWrt saboda kamfanin ya rufe direbobinsa.

Duk gyaran da za a yi, a ajiye kwafin saiti tukuna, a canza abu ɗaya, a ba shi kwana ɗaya ko biyu a gani. Tsohuwar rauta mai ma'ajiyar 4 MB da RAM 32 MB kuwa, OpenWrt da kanta ta daina tallafa wa irinta a sababbin fitowarta, don haka gara a sayi wata da a ɓata lokaci a kanta.