Babi na 9: Yaushe Ake Mayar da Ƙashin Kai?

A asibitocin Yamai, musamman Babban Asibitin Ƙasa, yawancin masu raunin kai da ake kawowa haɗarin hanya ne ya rutsa da su, kuma da dama matasa ne da suka faɗo daga babur ba hular kwano. Idan ƙwaƙwalwa ta bugu sai ta kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa. In kumburin ya rasa wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin jini, ya danne cibiyar numfashi. A nan ne likitan tiyata ke yanke wani yanki na ƙashin, faɗinsa ya kai tafin hannu ko ya fi, ya ɗinke fata kawai a kai. Binciken da likitocin Cambridge ta Ingila suka jagoranta, aka wallafa a 2016, ya nuna aikin ya rage mutuwa daga kusan kashi 49 cikin ɗari zuwa kusan 27, ko da yake wasu da suka rayu sun kasance da naƙasa mai tsanani.

Ina ake ajiye ƙashin?

Inda akwai na'urar sanyi mai ƙarfi, a can ake adana shi. Inda babu, ko wutar lantarki ba ta da tabbas, likita kan tsaga fatar cikin majinyacin ya ɓoye ƙashin a ƙarƙashinta, jikinsa ya zama ma'ajiyarsa. Sai dai in ya daɗe a can jiki kan fara cinye shi, ya ƙanƙance. In ƙashin ya farfashe ko ƙwayoyin cuta sun kama shi, sai a ƙera madadinsa da simintin ƙashi ko ƙarfen titaniyom.

Sauri da jinkiri

Tambayar da dangi ke yi kullum ita ce, "Likita, yaushe za a rufe masa kan?" A da, likitoci kan jira wata 6 ko fiye don gudun ruɓewar rauni. Sauri ya haifi nawa: in aka mayar da ƙashi alhali ƙwaƙwalwa ba ta saɓe ba, ko ciwon bai warke sarai ba, mugunya na iya taruwa, a koma a sake cire shi.

Amma jinkiri ma yana da nasa ciwon. Wanda ya daɗe ba ƙashi, za ka ga gefen kansa ya lotsa kamar ƙwaryar da aka danna, fatar tana motsi da bugun zuciya. Nauyin iskar waje yana danna ƙwaƙwalwa kai tsaye. Sai majinyacin da ya fara magana da takawa ya koma ciwon kai, jiri da mantuwa, wani ma ɓarin jikinsa ya yi sanyi. Tun 1939 likitoci suka bayyana wannan hali, suka kuma lura cewa da an toshe gurbin mutane da yawa sukan farfaɗo.

Shi ya sa a yau likitoci da yawa suka karkata ga mayar da ƙashin cikin wata 3 na farko, muddin sharuɗɗa sun cika: hoton sikana ya nuna kumburi ya sauka, ɗinki ya kame, babu zazzaɓi, kuma ruwa bai taru a cikin ƙwaƙwalwa ba. Wanda ƙwayoyin cuta suka taɓa shiga rauninsa kuwa, dole ya yi haƙurin ƙarin watanni.

Nauyin da ke kan dangi

Tsakanin aikin farko da na biyu, fata ce kaɗai ke kare ƙwaƙwalwa. Kada majinyaci ya kwanta a kan gefen da aka cire ƙashin, kada ya hau babur, kuma a riƙe shi in zai shiga banɗaki. Iyalan da suka zo daga Dosso, Tahoua ko ƙauyukan Tillabéri sukan koma gida da murna, ganin ɗansu yana cin tuwo yana hira, ga kuɗin mota da na magani sun ƙare, sai ranar komawa ta wuce. A riƙe takardar asibiti da kyau, a fara tanadi tun ranar sallama, domin jinyar ba ta ƙare ba sai ƙashin ya koma mazauninsa.