Abin Da Doka Ta Ɗora Wa Malami In Ya Ga Ana Cutar Yaro

Abin da zan yi magana a kai ba ya cikin darussan da mu ke kwana muna bita saboda jarrabawa, amma da wuya mutum ya yi shekara uku yana riƙe da alli bai gamu da shi ba. Watau, me ya wajaba a kan malami in ya ga alamar ana cutar wani yaro na ajinsa? Zan fara da laifin kaina, gama ni na taɓa gani na yi shiru.

Bara, da aka rarraba mu gwajin koyarwa, sai aka tura ni wata makarantar firamare a ƙasar Ikko, cikin wata unguwa inda Hausawa su ke da yawa. Aka ba ni aji huɗu. A cikin ajin akwai wata yarinya, shekarunta ba su wuce goma ba. Ba ta da surutu, kullum a makare ta kan zo, kuma kafin a fita hutun safe ta fara gyangyaɗi. Wata rana ina duba littattafan lissafi, ta miƙo nata, sai hannun rigarta ya zame, na ga shatar bulala a damtsenta, wata sabuwa wata tsohuwa, da wani tabo kamar na ƙuna. Na tambaye ta da Hausa, gama duk cikin malaman ni kaɗai ke jin harshenta. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Malam, don Allah kada ka gaya wa kowa." Na ce to.

Na dinga ba kaina hujja. Na ce ni baƙo ne, sati shida kaɗai zan yi. Na ce mu ma a makarantar mishan inda na tashi an sha zane mu, ga shi ba mu mutu ba. Na ce ban san gidansu ba, kada in ɗora wa bayin Allah laifin da ba su yi ba. Haka na yi kwana tara. Ran nan sai yarinya ta daina zuwa. Da ta komo bayan kwana uku, hannunta na dama a kumbure, ko fensir ba ta iya riƙewa. Sa'an nan ne na tafi wurin uwar ajin, wata dattijuwa da ta daɗe cikin aikin, na faɗa mata. Abu guda ta tambaye ni: "Ɗana, tun yaushe ka fara gani?" Na ce, "Mama, yau kwana goma sha biyu." Ta dube ni, ta ce, "To, wannan kumburi har da hannunka a ciki."

Maganan nan ita ta sa na nemi sanin abin da doka ta ce. Ga abin da na samu.

Abin da doka ta ce

A shekarar 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wata yarjejeniya bisa haƙƙin yara, Nijeriya kuwa ta amince da ita a 1991. Daga nan ne aka kafa Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. A wurin wannan doka, duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, ko da ya fi malaminsa tsawo. Sashe na 11 ya hana a raunata yaro a jikinsa ko a zuciyarsa, ya hana azabtarwa, da sakaci da shi, da yin lalata da shi. Sashe na 31 ya ce wanda ya kwana da yaro ko yarinya, hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne, kuma ba a karɓar hujjar cewa wai da yardarta aka yi, ko wai an zaci ta girma. Sauran irin taɓe-taɓen banza, sashe na 32 ya yanka musu shekara 14. Har wa yau dokar ta hana sa yaro aikin da ya fi ƙarfinsa, ta kuma ɗora wa Gwamnati nauyin bincike in akwai dalilin zaton cewa wani yaro yana cikin hatsari.

Amma a lura, wannan doka ta Tarayya a Abuja ta ke aiki kai tsaye. Ko wace jiha sai majalisarta ta yi tata. Ikko ta yi a 2007, Kaduna a 2018, Kano a 2023, yanzu kusan dukan jihohi sun yi. Saboda haka duk inda aka tura mutum aiki, ya nemi dokar wannan jiha ya karanta, gama akwai 'yan bambance-bambance.

To, Gwamnati ba ta da ido a cikin ko wane aji. Ba ta iya bincika abin da ba a gaya mata ba. Wannan ne ya sa aka fito da dabarar tilasta wa waɗansu ma'aikata su kai rahoto. A Amurka aka fara ta. A 1962 wani likitan yara mai suna Henry Kempe da abokan aikinsa suka rubuta bayani a kan yaran da a ke kawowa asibiti da karaya, iyaye su ce faɗuwa suka yi, alhali kuwa duka ne. Kafin ƙarshen 1967 ko wace jiha ta Amurka ta yi dokar kai rahoto. Da fari an fi ɗora nauyin a kan likitoci, daga baya aka haɗa da malaman makaranta.

A ƙasarmu Ikko ta bi wannan hanya. A 2014 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a wani umurni wanda ya kafa rajistar masu laifin lalata, ya kuma wajabta wa shugabannin makarantu, da malamai, da masu ba yara shawara, da ma'aikatan jin daɗin jama'a su kai rahoto in sun ga an cuci yaro, ko sun yi zaton haka. A 2016 Gwamna Akinwumi Ambode ya ƙara da wani umurni, ya ce ko wane wuri da a ke tara yara, na Gwamnati ne ko na masu zaman kansu, sai ya kasance yana da rubutacciyar ƙa'ida ta tsare yara, da wani ma'aikaci da aka sa musamman domin karɓar irin wannan rahoto. Ashe ran da na ce wa yarinyan nan to, ban sani ba na saɓa wa umurnin Gwamnati. Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ita ma a 2021 ta fito da manufarta ta tsaron makarantu da hana cin zalin yara a cikinsu, domin dukan ƙasa.

Don me aka zaɓi malami?

Domin ban da mutanen gida, ba wanda ya ke ganin yaro kwana biyar cikin bakwai sai malami. Likita sai an kai masa, ɗan sanda sai an kira shi. Sau da yawa kuwa mai cutar yaron a cikin gidan ya ke, ko maƙwabci ne, ko wani da yaron ya saba da shi. In malami bai faɗa ba, wa zai faɗa?

Kada kuma mu zaci abin kaɗan ne. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da taimakon UNICEF, ta yi bincike ko'ina cikin Nijeriya. Aka tarar cikin yara 10, wajen 6 sun gamu da wani irin cin zali kafin su kai shekara 18. Cikin 'yan mata 4, an yi wa ɗaya lalata ko an nemi yi mata; cikin yara maza 10, ɗaya. Waɗanda suka sami taimako kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Mai aji na yara 40 sai ya yi lissafi da kansa.

Alamun da za a lura da su

Akwai na jiki: shatar bulala ko ta wayar lantarki, ƙuna, kumburi, ko rauni a wurin da wasa ba ya kawo rauni, kamar baya da cinya da bayan kunne. Akwai na hali: yaro mai fara'a ya koma shiru, ko ya riƙa firgita in an ɗaga hannu kusa da shi, ko ya ƙi tafiya gida in an tashi, ko ƙaramin yaro ya riƙa faɗin maganganun manya waɗanda shekarunsa ba su kai ya sani ba. Akwai kuma na sakaci: yunwa kullum, ciwon da aka bari ba magani, barci a aji saboda talla ko aikin dare, da yawan fashi ba dalili.

Alama guda ba ta tabbatar da kome. Yaro ya kan faɗo daga bisa mangwaro. Amma ga inda na yi kuskure, kuma ina roƙon 'yan'uwana su riƙe wannan ko da sun manta da sauran: ba a ce sai malami ya tabbata ba tukuna. Zato mai dalili ya isa. Malami ba alƙali ba ne, ba kuwa ɗan sanda ba. Nasa shi ne ya faɗi abin da ya gani da abin da ya ji. Bincike aikin waɗansu ne, waɗanda aka koya musu shi.

Yadda za a yi

Na fari, in yaro ya buɗe baki, a saurare shi a natse. Kada a nuna firgita, kada a ce masa ƙarya ya ke yi, kada a sa masa magana a baki. A ce, "Gaya mini abin da ya faru." Kada a ce, "Wane ne ya yi maka, ko?" gama irin wannan tambaya ta kan ɓata shari'a daga baya.

Na biyu, kada a yi masa alkawarin rufa asiri. A gaya masa gaskiya cikin taushi: "Ba laifinka ba ne. Amma sai na gaya wa wanda zai taimake ka."

Na uku, a rubuta a ranar, da kwanan wata da lokaci, da kalmomin yaron kamar yadda ya faɗe su, da inda raunin ya ke. A sa hannu. Kada a tuɓe yaro domin dubawa, wannan aikin asibiti ne.

Na huɗu, a kai wa Hedimasta ko ma'aikacin da aka sa domin wannan aiki, a ranar, ba gobe ba. Su ne za su sanar da ofishin jin daɗin jama'a ko 'yan sanda. In an ga sun yi nauyin jiki, ko sun ce a rufe domin kada sunan makaranta ya ɓaci, to, nauyin bai sauka daga kan wanda ya gani ba. Ya tafi da kansa. A Ikko akwai hukuma ta musamman mai kula da cin zali na cikin gida da na lalata. A Abuja hukumar NAPTIP ce ke riƙe da dokar hana cin zali ta 2015. Lambar neman agaji ta gaggawa kuwa ita ce 112.

Na biyar, in lalata a ke zato, a gaggauta zuwa asibiti. Maganin da ya kan hana kamuwa da ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, watau kwana uku. A Ikeja akwai Cibiyar Mirabel, wadda aka buɗe a 2013 domin irin waɗannan, jihohi da yawa kuma yanzu sun buɗe irinta.

Na shida, a kama baki. Wannan ba labarin ɗakin malamai ba ne. Kada kuma malami ya tafi gidan yaron ya yi faɗa da wanda ya ke zargi, gama in ya juya baya, a jikin yaron za a huce.

In abokin aiki ne fa?

Nan ne wurin ya fi wuya. Wanda kuke cin abinci tare, ka lura ya cika tsare wata yarinya bayan an tashi, yana rufe ƙofa. Zuciya za ta ce kada ka raba mutum da abincinsa. Amma hanyar ɗaya ce, ba ta canzawa. Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka a 1993, tana da ikon bincika malami da soke sunansa daga rajista, ban da abin da kotu za ta yi. In mutumin ba shi da laifi, bincike zai wanke shi. In yana da shi, shirunka ya ba shi yarinya ta biyu.

Waɗansu za su ce wannan shiga sharo ba shanu ne, tun da ya ke iyaye suna da ikon horon 'ya'yansu. Gaskiya ne, ba wanda ya ce kada a kwaɓi yaro. Amma horo daban, ƙuna da kumburi daban, ko kakanninmu sun san wannan. Su ne suka ce ɗa na kowa ne. A da, in mutum ya wuce gona da iri, maƙwabta su kan shiga su ƙwace yaron, su kai magana gaban mai unguwa. Doka ba ta kawo baƙon abu ba, ta dai nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Yarinyan nan tawa, ashe 'yar riƙo ce. Kullum sai ta yi talla da asuba kafin ta zo makaranta, in kuɗi bai cika ba ta sha duka. A ranar da na faɗa, uwar ajin ta kai ni gaban Hedimasta, na rubuta abin da na gani, aka kira ma'aikatan jin daɗin jama'a, ni na yi musu tafinta. Aka kai ta asibiti, aka aika wa ubanta ya zo. Kafin in gama sati shidana ta komo aji, tana zaune wurin wata gwaggonta, hannu ya sace. Ban ga ta ƙara gyangyaɗi ba. Amma kwana goma sha biyun nan suna nan a wuyana.

'Yan'uwa da za a tura gwajin koyarwa bana, ran da kuka isa makaranta, bayan kun tambayi ajinku da jadawalin darussa, ku ƙara tambaya guda: "Ranka ya daɗe, in na ga abin da bai kwanta mini ba game da wani yaro, wa zan gaya wa?" Ku rubuta sunan a bangon littafin shirin darasi. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane. Amin.