Bindigar da waya ta fi tsawo: yadda Amurkawa ke zaɓen bindigar aljihu

Wayar iPhone 15 Pro Max tsawonta ya kusa santimita 16, nauyinta kuma giram 221. Bindigar LCP, wadda kamfanin Ruger na Amurka ya fitar a 2008, tsawonta santimita 13 ne da 'yan kai, nauyinta babu harsashi kusan giram 270. Idan aka jera su a kan tebur, wayar ta fi bindigar tsawo. Aljihun da zai ɗauki wannan zai ɗauki waccan.

A Amurka irin waɗannan ƙananan bindigogi kasuwa ce guda, kuma masu saye na gardama a kansu kamar yadda matasa ke gardamar batir da kyamara. Matsalar injiniyoyin ma iri ɗaya ce da ta masu ƙera waya: duk na'urar da aka matse ta ƙanƙance, dole a haƙura da wani abu a cikinta. Bambancin shi ne, wanda ya yi kuskuren zaɓen waya kuɗinsa ya rasa. A nan kuwa rai ake magana.

Me ya sa ake son ta shiga aljihu?

Amsar tana cikin dokar ƙasar. A 1987 jihar Florida ta yi dokar da ta wajabta wa hukuma ba duk wanda ya cika sharuɗɗa lasisin yawo da bindiga a ɓoye, kuma jihohi da dama suka bi sahu. Illinois ce jiha ta ƙarshe da ta halatta yawo da bindiga a ɓoye, a 2013. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar da aka fi sani da Bruen, ta yanke hukuncin cewa kundin tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa haƙƙin fita da bindiga don kare kansa. Yau sama da rabin jihohin ƙasar 50 ba sa ma neman lasisin.

Sai dai mai izini yakan gano wani abu da wuri: babbar bindiga tana da nauyi, tana tokare kwankwaso, kuma a lokacin zafi riga ba ta rufe ta. Ƙarshenta sai ta koma zaman durowa. Daga nan buƙatar ƙarama ta taso.

Tunanin ba sabo ba ne. Da ƙaramar bindiga ƙirar Henry Deringer aka harbe Shugaba Abraham Lincoln a 1865. A farkon ƙarni na 20, John Browning ya tsara wa kamfanonin FN da Colt bindigogin da ake sakawa a aljihun falmaran, shi ne kuma ya ƙirƙiro harsashin .380 ACP wanda yawancin bindigogin aljihu ke amfani da shi har yanzu.

Robar da ta canza kasuwa

Abin da ya bambanta na yau da na da shi ne kayan ƙira. A farkon shekarun 1980 rundunar sojin Ostiriya ta karɓi bindigar Glock 17, wadda gangar jikinta roba ce mai tauri, ba ƙarfe ba. Ba ita ce ta farko da aka yi haka ba, amma ita ta sa duniya ta yarda. Nauyi ya ragu, tsatsa ta ragu, kuɗin ƙira ma ya sauka.

Kamfanin Kel-Tec ya kai wannan dabara cikin aljihu da P-3AT a 2003. Ruger ya biyo da LCP, Glock ya fitar da G42 a 2014 da G43 a 2015. A 2018 SIG Sauer ya fito da P365, wadda faɗinta kusan santimita biyu da rabi ne amma gidan harsashinta na cin harsasai 10 na 9mm, a lokacin da takwarorinta ke tsayawa a shida ko bakwai. An yi hakan ne ta hanyar jera harsasan biyu-biyu daga ƙasa, a tsuke su zuwa layi ɗaya daga sama. Ruger ya mayar da martani a 2021 da LCP Max mai cin 10, nauyinta kusan giram 300.

Abin da ƙanƙanta ke ci

Nan ne lissafin ke juyawa. Duk lokacin da harsashi ya fita gaba, bindiga tana shuri baya. Idan bindigar mai nauyi ce, nauyin na shanye wani ɓangare na shurin. Idan mara nauyi ce, tafin hannu ne ke sha. Shi ya sa bindigar da ta fi daɗin ɗauka ita ce ta fi wuyar sarrafawa.

Mariƙinta gajere ne, sau da yawa ɗan ƙaramin yatsa ba ya samun wurin kamawa. Tazarar da ke tsakanin alamar saiti ta gaba da ta baya kaɗan ce, don haka ɗan karkacewar hannu na iya kai harsashi nesa da inda aka nufa. Bututun LCP kuwa santimita bakwai ne kacal, kuma gajeren bututu yana rage gudun harsashi.

Akwai kuma wata matsala da ba a rubutawa a jikin kwali. Bindigar da ke sa hannu ciwo, mai ita ba ya son zuwa filin atisaye da ita. Wanda ba ya atisaye kuwa, ranar da ya zare ta cikin firgici, mai wucewa ma yana cikin haɗari. Saboda haka masu koyar da harbi a Amurka suka saba gaya wa sabon shiga cewa bindigar aljihu ba ta ɗan koyo ba ce.

Hanyoyi uku da mai saye ke dubawa

Ta farko ita ce mai cin .380, irin LCP da G42. Ita ce ke ɓacewa a aljihun wando ba tare da ta nuna ba, amma harsashinta bai kai 9mm ƙarfi ba.

Ta biyu ita ce ƙaramar 9mm, irin P365. Ta fi ƙarfi, harsashinta ya fi araha da sauƙin samu, sai dai nauyinta kusan rabin kilo ne tun ba a ɗura mata komai ba. A aljihu tana rinjayar wando, shi ya sa da yawa ke mayar da ita ƙugu.

Ta uku ita ce libarba, irin ƙananan da Smith & Wesson ke ƙerawa tun 1950. Harsashi biyar take ci, tana da kauri a tsakiya, kuma sake ɗura ta na ɗaukar lokaci. Amma sarrafa ta babu rikitarwa, kuma akwai samfurin da aka rufe hamarsa a ciki don kada ta sarƙe a zaren aljihu.

Kube ya fi komai

Yawancin waɗannan bindigogi ba su da makunnin kariya na waje. Abin da ke tsakanin kunamar bindiga da hatsari shi ne taurin jan kunamar da kuma kuben da ke rufe ta. Ƙa'idar da masu koyarwa ke maimaitawa ita ce: bindiga ba ta shiga aljihu sai cikin kube, kuma aljihun nata ne ita kaɗai. Makulli, biro ko igiyar caja na iya shiga gaban kunama. Ƙura da burbushin zare su ma suna taruwa a ciki, dole a riƙa gogewa.

Labarin Plaxico Burress, ɗan wasan ƙungiyar New York Giants, ya zama misali. A Nuwamban 2008 ya shiga wani gidan rawa a New York da bindiga a soke a ƙugun wando babu kube. Ta zame, ya kai hannu zai tare, ta tashi ta same shi a cinya. Ba shi da lasisin jihar, kuma an yanke masa hukuncin ɗaurin shekara biyu.

Ƙanƙanta tana kawo mantuwa ma. Hukumar TSA mai binciken fasinjoji ta kama bindigogi 6,737 a filayen jiragen saman Amurka a 2023, sama da kashi 90 cikin 100 ɗauke da harsashi. Ita kanta LCP, a shekarar da ta fito Ruger ya nemi a mayar da na farko-farko don gyara, bayan an gano suna iya tashi idan suka faɗi ƙasa.

Ina zanen yatsa ya tsaya?

Tunda waya na buɗewa da yatsa ko fuska, me zai hana bindiga? Kamfanin Biofire na jihar Colorado ya gabatar da irin wannan a 2023: tana tantance zanen yatsa da fuskar mai ita kafin ta yarda ta harba. Amma batir da na'urorin tantancewar sun sa ta yi girma, don haka ta ajiyar gida ce. Fasahar ba ta kai ga shiga aljihu ba tukuna.

Buƙatar kuwa a fili take. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka a 2021, kuma fiye da rabinsu kansu suka kashe. Bindigar da ke kusa da hannun mai ita tana kusa da hannun ɗansa, tana kuma kusa da shi kansa a ranar da ransa ya ɓaci.

Duk wannan ciniki a ƙarƙashin dokar Amurka yake. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta saka fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma kama mutum da su ba izini hanyar gidan yari ce. Bidiyon bita da ke yawo a YouTube da TikTok ba sa faɗin wannan, domin ba don masu kallo na Kano ko Maraɗi aka ɗauke su ba.