Shanyewar jiki ba tare da jijiya ta toshe ba

A kawo mutum ɗan shekara talatin da 'yan kai asibiti, ba hawan jini, ba ƙiba, yana ta farfaɗiya da amai, kai na sara masa, rabin abin da ke gabansa ya daina gani. Kowa zai ce shanyewar ɓarin jiki ce. Wani lokaci kuwa cutar MELAS ce, wadda Pavlakis da abokan aikinsa suka raɗa wa suna a 1984.

Tushenta na cikin mitokondiriya, 'yan mitsi-mitsin sassan da ke samar wa ƙwayoyin jiki ƙarfi. Suna da nasu kundin gado daban, kuma daga uwa kaɗai ake samunsa. A 1990 masu bincike a Japan suka gano sauyin da ake kira m.3243A>G, wanda ake samu a wajen kusan kashi 80 cikin 100 na masu cutar.

Hoton MRI ne kan fara tona asiri. Idan jijiya ce ta toshe, ɓarnar tana tsayawa a iyakar yankin da jijiyar ke shayarwa. A nan kuwa tabon ba ruwansa da iyaka. Yakan fito ta ƙeya ko gefen ƙwaƙwalwa, ya dusashe bayan makonni, ya ɓullo a wani wurin. Ana kuma samun sinadarin laktet ya hau a jini da ruwan ƙashin baya.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne gwajin gado. Ba duk mitokondiriyar mutum ke ɗauke da sauyin ba, lafiyayyu da masu lahani a cakuɗe suke, kuma a cikin jini masu lahanin raguwa suke yi da shekaru. Sai babban mutum ya yi gwajin jini a ce masa ƙalau, alhali cutar na nan. Shi ya sa ake komawa ga fitsari, ko a yanko ɗan tsoka a duba.

A ganina, tambayar da ba ta cin ko sisi ita aka fi mantawa da ita: yaya dangin uwa? Mahaifiya mai ciwon sukari tun tana da ƙuruciya, kawu da ya kurmance da wuri, 'yan ɗaki ɗaya gajeru masu yawan ciwon kai. Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar, amma gano ta na hana a ba majinyacin valproate, sanannen maganin farfaɗiya da kan ƙara dagula masa jiki.